Karatun samarin baƙar fata a Amurka: Wa zai koma ya ɗauko ɗan aji 8?

A ranar 29 ga Janairun 2025 ne aka fitar da sakamakon jarrabawar nan ta NAEP, wadda gwamnatin tarayyar Amurka ke auna ƙoƙarin ɗaliban ƙasar da ita, kuma abin da ya fito a ɓangaren karatu bai yi wa kowa daɗi ba. Kashi 33 cikin 100 na 'yan aji 8, wato yara masu shekara 13 zuwa 14, sun kasa kai ko matakin farko, adadin da ba a taɓa ganin irinsa ba tun 1992. A aji 4 kuwa abin ya kai kashi 40. Nan da nan masu sharhi suka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, wasu suka ce annobar korona ce, wasu suka ce wayar salula ce ta ɗauke hankalin yara. Kowa da gaskiyarsa. To amma akwai wani rukuni na ɗalibai da tun kafin korona, tun kafin waya ta shiga aljihun kowane yaro, suke can ƙasan jadawalin, su ne samarin baƙar fata.

Idan mai karatu bai manta ba, a 2010 ƙungiyar da ta haɗa hukumomin ilimi na manyan biranen Amurka ta fitar da wani rahoto da ya tayar da ƙura. Rahoton ya nuna cewa a jarrabawar 2009, kashi 12 cikin 100 ne kacal na yara maza baƙar fata 'yan aji 4 suka ƙware a karatu, alhali takwarorinsu farar fata sun kai kashi 38. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne talauci kaɗai bai isa ya bayyana wannan tazara ba, domin ɗan farar fata da ke cin abincin makaranta na tallafi saboda rashin halin iyayensa, makinsa ya yi daidai da na ɗan baƙar fatan da iyayensa ke da rufin asiri.

Na san wani zai ce ina ruwanmu, ai wannan matsalar baƙaƙen Amurka ce, mu baƙi ne da muka zo da tarbiyyarmu. Wannan magana ana yawan jin ta a majalisun bayan sallar Isha'i a Bronx da Harlem. Gaskiya ne 'ya'yan 'yan Afirka da dama sun yi fice a manyan jami'o'in ƙasar nan. Sai dai yaron da aka haifa a nan, ko mahaifinsa daga zangon Kumasi ya zo, ko daga Nima, ko Kano, ko Damagaram, idan aka zo cike takardar makaranta baƙar fata za a rubuta masa. Ajin da ake zuba 'ya'yan unguwa shi ma nan za a zuba shi, malamin da ya yanke ƙauna daga yaran unguwar ba zai tambaye shi sunan kakansa ba. Kuma da yawa daga iyayenmu suna kan tasi ko aikin kula da marasa lafiya awa 12 a rana. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Abin tambaya a nan shi ne, duk kuɗin da aka zuba a harkar karatu ina suka tafi? Amsar ita ce, galibinsu ƙananan azuzuwa suka nufa. A 2000 wani kwamitin masana da Majalisar Dokoki ta sa aka kafa ya zayyana ginshiƙan koyar da karatu, a Janairun 2002 kuma Shugaba George Bush ya sa hannu a dokar nan ta kada a bar kowane yaro a baya. A ƙarƙashinta aka ware kimanin Dala biliyan 1 kowace shekara don koyar da karatu daga rabin aji zuwa aji 3. Lissafin shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, idan yaro ya iya karatu a aji 3 an gama. A 2004 wani rahoto da gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyi ya ja kunnen hukumomi cewa akwai kimanin yara miliyan 8 daga aji 4 zuwa 12 da karatu ke ba su wahala. Shirin da aka ƙirƙiro domin su ya fara ne da kimanin Dala miliyan 25 a 2005. Mai karatu ya auna biliyan 1 da miliyan 25. Bugu da ƙari, da aka binciki babban shirin a 2008, sai aka ga ya ɗan taimaka wa ƙananan yara wajen haɗa haruffa, amma bai ƙara musu fahimtar abin da suke karantawa ba.

A daidai wannan lokaci, wato 2005, Alfred Tatum ya fitar da littafinsa a kan koyar da samarin baƙar fata karatu, wanda har yau ake komawa gare shi. Tatum ba daga littafi ya san matsalar ba. A gidajen gwamnati na Ida B. Wells da ke Shikago ya tashi, kuma ya koyar da 'yan aji 8 a birnin kafin ya zama shehun malami a jami'a. Ƙorafinsa shi ne, da zarar an ga saurayi na fama da karatu sai a raba shi da littafi na gaske. A ba shi takardun cike gurbi, da gajerun labarai marasa kan gado da aka rubuta don atisayen jarrabawa, ko a miƙa masa littafin 'yan aji 3 mai hoton zomo. Yaro ɗan shekara 14 da ya riga ya san 'yan sanda sun tare yayansa, ya san an binne abokinsa, sai a ce ya zauna ya karanta labarin zomo a gaban 'yan mata. Ba zai yi ba. Zai kifa kai a tebur, ko ya tayar da fitina a kore shi, domin a wajensa gara a ce masa taƙadari da a ce masa daƙiƙi.

Abin da Tatum ya kawo shi ne a ba su rubutu mai nauyi da zai taɓa rayuwarsu, wanda zai sa yaro ya tambayi kansa wane ne shi kuma me zai zama. Ya kuma kawo batun silsilar littattafai, wato kowane mai ilimi yana iya jero littattafan da suka gina shi, wannan ya kai shi ga wancan, kamar dai yadda malamanmu ke jero malamansu. Damuwarsa ita ce samari da yawa suna gama sakandare ba su da ko littafi ɗaya da za su sa a wannan silsila.

Tarihin baƙaƙen Amurka kansa yana goyon bayansa. A 1740, shekara guda bayan tawayen bayi na Stono, yankin Karolina ta Kudu ya kafa dokar da ta haramta koya wa bawa rubutu, kuma bayan tawayen Nat Turner a 1831 jihohin kudu suka ƙara tsaurara irin waɗannan dokoki. Ba a kafa doka a kan abin da ba a jin tsoronsa. Frederick Douglass, yana yaro bawa a Baltimore, uwargijiyarsa ce ta fara nuna masa haruffa, maigidan ya gano ya hana. Daga nan yaron ya gane inda sirrin yake, ya riƙa ba 'ya'yan talakawan farar fata burodi a titi suna biya masa karatu. Yana ɗan kimanin shekara 12 ya sayi wani littafin jawaban manyan masu iya magana a kan sisin Amurka 50, wanda a cikinsa akwai muhawara tsakanin bawa da ubangidansa. Shi kuwa Malcolm X a kurkukun Norfolk da ke jihar Massachusetts ya zauna ya kwafe ƙamus da hannunsa shafi bayan shafi, saboda yana son karanta littattafan da suka fi ƙarfinsa. A lura da kyau, duka biyun sun yi aikin haruffa da kalmomi mai gajiyarwa, kuma sun yi shi ne don akwai babban rubutu a gabansu da suke ƙishirwar isa gare shi.

Wannan ya kawo mu ga rabin maganar da masu sha'awar Tatum kan manta, ko da yake shi kansa bai manta ba. Littafi komai daɗinsa, idan yaro ba ya iya fasa doguwar kalma, ƙofa a rufe take. A 2019 masu bincike na cibiyar shirya jarrabawa ta ETS suka wallafa abin da suka gano a kan dubban ɗalibai daga aji 5 zuwa 10. Sun ce akwai wani mataki na iya haɗa haruffa da sautinsu, wanda duk yaron da ke ƙasa da shi fahimtarsa kusan ba ta motsawa daga shekara zuwa shekara, ko me aka koya masa. A cikin yaran da suka gwada, kashi 38 na 'yan aji 5 da kashi 19 na 'yan aji 10 suna ƙasa da wannan mataki. Wato kusan ɗaya cikin biyar na samari da 'yan matan da ke daf da neman lasisin tuƙi.

Yadda irin wannan yaro ke ɓuya yana da ban tausayi. Ya haddace kalmomi 'yan ɗari da siffarsu, sauran kuma yana duban harafin farko ya yi canke. A aji 2 da 3 dabarar tana tafiya, domin kalmomin gajeru ne kuma akwai hoto. Da ya shiga aji 6 aka kawo littafin kimiyya da na tarihi, kalmomi masu gaɓa huɗu da biyar, babu hoto, sai asiri ya tonu. Abin takaici, wannan canke ba yaran suka ƙirƙiro shi ba, koya musu aka yi. Shekara da shekaru makarantu da yawa, har da na birnin Niyok, suna bin tsarin da ke cewa idan yaro ya ci karo da kalma ya dubi hoto ko ya yi tunanin abin da ya dace da wurin. Sai da 'yar jarida Emily Hanford ta fallasa lamarin a shirinta na murya mai suna Sold a Story a 2022 sannan jama'a suka farga. A 2023, zamanin magajin gari Eric Adams, wanda ya sha faɗin cewa shi kansa ya tashi da lalurar rikicewar haruffa da ake kira disleksiya ba a gano ba sai da ya girma, birnin ya tilasta wa makarantun firamare zaɓar ɗaya daga cikin manhajoji 3 da aka amince da su. Gyara ne mai kyau. To amma yaron da aka koya wa canke a 2016 yanzu yana sakandare, kuma malamin adabin da ke gabansa ba a horar da shi koyar da haɗa haruffa ba, ba ya ma zaton aikinsa ne.

Jihar Misisipi, wadda ake ta kafa misali da ita, ta nuna iyakar gyaran ƙasa. A 2013 ta kafa dokar karatu, ta horar da malamai, ta ce sai yaro ya ci jarrabawar karatu zai wuce aji 3. Daga matsayi na 49 a 2013, 'yan ajinta na 4 suka hau zuwa na 9 a 2024, kuma yaran baƙar fata na cikin waɗanda suka fi cin moriya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a jihar da ta fi kowace yawan baƙar fata idan aka auna da yawan jama'arta. Amma a aji 8 ci gaban bai kai haka ba, makin jihar a 2024 bai kamo matsakaicin ƙasa ba.

Mu da muka yi makarantar allo bai kamata wannan muhawara ta ba mu wahala ba. Kowa ya san babbaƙu daban, farfaru daban, kuma babu malamin da zai bar almajiri ya dubi allo ya yi canke. Sai ya san kowane harafi, ya san wasalinsa, ya tattashe, sannan karatu ya miƙe. Kowa kuma ya san wanda ya sauke bai zama malami ba, sai ya je zaure ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, malam na fassara masa gaɓa-gaɓa yana cewa na'am. Aiki biyu ne, kowanne da lokacinsa da malaminsa. Wani abin sha'awa a zauren shi ne ba a raina wanda ya zo a makare. Magidanci mai 'ya'ya zai zauna da littafinsa na manya, idan ya yi tuntuɓe a kalma a gyara masa a wuce. Matsalar ɗan aji 8 a Amurka ita ce ba shi da shekarun da zai bi matakan ɗaya bayan ɗaya, dole a haɗa masa su lokaci guda: gyaran haruffa a ƙaramin rukuni inda ba za a kunyata shi ba, da littafin da ya dace da shekarunsa a cikin aji tare da kowa. Jagoran da cibiyar binciken ilimi ta gwamnatin tarayya ta fitar a 2022 domin azuzuwan 4 zuwa 9 kusan abin da ya ce ke nan, a koyar da fasa kalmomi masu gaɓoɓi da yawa, a yi ta maimaita karatu a bayyane har harshe ya saki, sannan a riƙa ba yaro rubutun da ya ɗan fi ƙarfinsa malami na riƙe da hannunsa.

Nan ne kuma tarkon iyayenmu yake. Uba ya ji ɗansa na zuba Turanci kamar ruwa, har shi yake yi masa tafinta a asibiti, sai ya ɗauka karatu ya zauna. Mu da muka san ana iya rera sura da daɗin murya ba a san ma'anarta ba, ya kamata mu fi kowa sanin cewa baki daban, ido a kan takarda daban.

Akwai kuma batun sani. A 1988 wasu masu bincike biyu, Donna Recht da Lauren Leslie, suka ba 'yan aji 7 da 8 labarin wasan besbol su karanta. Yaran da ake ɗauka raunana ne a karatu amma sun san wasan, sun fi gane labarin a kan gwanayen karatu da ba su san wasan ba. Ma'ana, fahimta tana hawa ne a kan abin da ke cikin kai tun farko. To a makarantun unguwannin talakawa, lokacin da dokar 2002 ta sa jarrabawar Turanci da lissafi ta zama abin da ake yanke wa makaranta hukunci da shi, tarihi da kimiyya ne aka rage wa lokaci don a yi atisaye. An cire wa yaro abincin da zai gina fahimtarsa don a ƙara masa awo a sikeli.

Wannan ne ya sa nake da ja a kan masu ganin maganin kawai shi ne a cika aji da littattafan ƙwallon kwando da waƙoƙin zamani, wai don su ne yaran ke so. Ko shakka babu yaro na bukatar ganin irinsa a littafi. Marigayi Walter Dean Myers, ɗan Harlem, wanda yana yaro yake ɓoye littattafan laburare a jakar takarda don kada abokai su yi masa dariya, ya rubuta a 2014 cewa cikin littattafan yara 3,200 da aka buga a 2013, guda 93 ne kawai suka shafi baƙar fata. Jason Reynolds, wanda yau samari ke rububin littattafansa, ya sha faɗin cewa bai taɓa karanta littafin labari daga farko zuwa ƙarshe ba sai da ya kai shekara 17, kuma tarihin ƙuruciyar Richard Wright ne ya buɗe masa ƙofa. Amma ƙofa ce, shiga ake yi a wuce ciki. Idan ɗan farar fata a unguwar masu kuɗi yana karanta tarihin Rum da yadda ƙwayoyin halitta ke aiki, namu kuma an tsayar da shi a filin ƙwallo saboda tausayi, tazarar tana nan, an dai shafa mata hoda.

Sai maganar wanda ke tsaye a gaban allo. Alƙaluman ma'aikatar ilimi na shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 sun nuna yara maza baƙar fata su ne kashi 8 cikin 100 na ɗalibai, amma su ne kashi 25 na waɗanda aka dakatar daga makaranta. Wanda ke gida ba ya karatu. A ɗaya gefen, maza baƙar fata ba su wuce kimanin kashi 2 na malaman ƙasar ba, alhali wani bincike da Seth Gershenson da abokan aikinsa suka fitar a 2017 a kan ɗaliban Karolina ta Arewa ya nuna cewa ɗan talaka baƙar fata da ya samu malami baƙar fata ko sau ɗaya tsakanin aji 3 da 5, yiwuwar ya bar sakandare ba tare da kammalawa ba tana raguwa da kashi 39 cikin 100. Irin wannan tunani ne ya haifar da makarantar maza zalla ta Eagle da David Banks ya jagoranci buɗewa a Bronx a 2004, tun kafin ya zama shugaban makarantun birnin. Ni dai a ganina raba maza da mata da sanya musu lakatayi na iya kawo natsuwa, amma natsuwa fili ce kawai, sai an shuka wani abu a kai.

Wasu sun gaji da jira sun tafi kotu. A 2016 ɗalibai a Detroit suka kai ƙarar jihar Michigan, suna cewa an hana su haƙƙin iya karatu, har suka ba da misalin ajin da ɗan aji 8 ya shafe wata guda yana koyar da lissafi saboda babu malami. A Afrilun 2020 alƙalan kotun ɗaukaka ƙara suka yarda cewa tsarin mulki ya ba yaro haƙƙin samun ilimin da zai iya karatu da shi. Murna ba ta daɗe ba, domin an sasanta a wajen kotu, cikakken zaman kotun kuma ya soke hukuncin, don haka ba ya zama hujja a wata shari'a. Dala miliyan 94.4 da aka yi alkawari sai a 2023 majalisar jihar ta amince da su, lokacin da yaran da suka kai ƙarar sun daɗe da barin makaranta.

Tunda haka ne, uban da ɗansa ke aji 7 ko 8 ba shi da lokacin jiran kotu ko majalisa. A jihar Niyok sakamakon jarrabawar Turanci ta aji 3 zuwa 8 yana zuwa ne a mataki 4, kuma sai daga mataki na 3 ake cewa yaro ya kai. Wanda ya ga 1 ko 2 kada ya yarda da cewa ai yaron na da ladabi, ko yana ƙoƙari. Ya tambayi malamin ƙarara: matsalar ta haɗa haruffa ce, ko ta saurin karatu, ko ta fahimta, kuma wa ke gyara ta, sau nawa a mako? Dokar tarayya ta ba iyaye damar neman a binciki yaro kyauta idan ana zargin wata lalura irin disleksiya, kuma a rubuce ake nema, a ajiye kwafi. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana da haƙƙin a samo masa tafinta, kada ya sa yaron da ake magana a kansa ya yi masa fassara. Dakunan karatu na birnin sun daina cin tarar jinkirin mayar da littafi tun Oktoban 2021, saboda haka tsoron tara ya kau.

Su kuma kwamitocin masallatanmu da ke tara yara Asabar da Lahadi, suna da abin da makarantun gwamnati ke nema ido rufe, wato maza manya baƙar fata da samari ke jin nauyinsu, da ɗaki, da lokaci. A cikinmu akwai injiniyoyi da ma'aikatan jinya da ɗaliban jami'a. Awa guda bayan an tashi daga Islamiyya, samari biyar ko shida da babba ɗaya, a ɗauki littafin da Douglass ya rubuta a kan rayuwarsa a 1845, wanda bai da kauri kuma ana samunsa a kowane laburare, a riƙa karantawa a bayyane ana karɓa-karɓa, a tsaya a fasa kalma, a yi gardama a kan ma'ana. Duk yaron da aka ji yana tsallake dogayen kalmomi ko yana canke, sai a kira mahaifinsa gefe bayan an watse, a taya shi rubuta wasiƙar nan zuwa makaranta kafin ranar Litinin.